Ali Farag ya ajiye wasa da digiri a hannu: me za mu gaya wa yaranmu?

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce, wani dattijo ya same ni a bakin aji a nan Sanam, riƙe da hannun ɗansa. Yaron duk makarantar ba mai kama shi a gudu, in kuwa aka shiga langa sai dai a bar masa fili. Bayan mun gaisa, dattijon ya ce: "Mushe, karatu na aiko shi ya yi, ban aiko shi tsalle-tsalle ba. In na sake jin ya yi guje-gujen nan, gona zai koma." Ko mako biyu ba a yi ba, wani ɗalibin ya zo da nasa zancen: zai bar makaranta ya bi 'yan kokowa, tunda a cewarsa takobi ya fi takarda kawo kuɗi.

Dattijon da ɗalibin ba su san juna ba, amma abu guda suka ɗauka, wato dole yaro ya zaɓi ɗaya, ko karatu ko wasa. Ni ban yarda da haka ba, kuma hujjata zan ɗauko ta daga wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba. Ni ma a waya na fara ganinsa, lokacin wani hutu a Yamai.

Sunan wasan sukwash. Mutum biyu ke shiga ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4, kowa da madoki mai raga. Suna dukan wata 'yar ƙwallon roba a jikin bangon gaba, wannan ya buga wancan ya mayar, har sai ɗaya ya kasa. Wanda ya fara kai maki 11 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye uku cikin biyar ya ci wasa. Ƙwararrunsa na yawo ƙasa-ƙasa duk shekara a ƙarƙashin ƙungiyar PSA, suna tara makin da ake jera su da shi. A 2028 za a fara buga shi a gasar Olamfik, a birnin Los Anjalis na Amurka. Ƙasar da ta fi kowa ƙarfi a cikinsa yau kuwa ta Afirka ce, Masar.

Ali Farag ɗan Alƙahira ne, an haife shi a 1992. Tun yana yaro ya yi fice, har ana ganin zai iya shiga yawon gasa kai tsaye. Sai ya tafi jami'ar Habad ta Amurka ya karanta injiniyancin injuna, yana buga wa jami'ar wasa, ya gama a 2014. Bayan nan ne ya duƙufa. A 2017 shi da matarsa Nour El Tayeb suka ci babbar gasar Amurka rana ɗaya, shi a ɓangaren maza, ita a na mata. A watan Maris na 2019 ya zama na ɗaya a duniya. Ya ci kambun duniya sau huɗu: 2019, 2021, 2022 da 2023. A watan Mayu na 2025, bayan ɗan ƙasarsu Mostafa Asal ya doke shi a wasan ƙarshe na gasar duniya, ya sanar da ajiye wasa yana da shekara 33.

Ina so iyaye su tsaya a kan wannan adadi. Shekara 33 a wurinmu magidanci ne da ya fara tara iyali, ko malamin da bai daɗe da sanin kan aji ba. A wurin ɗan wasa kuwa la'asar ta yi. Ramy Ashour, shi ma ɗan Masar, wanda ya ci kambun duniya a 2008, 2012 da 2014, raunin ƙafa ne ya yi ta kayar da shi har ya haƙura a 2019 yana da shekara 31. Waɗannan su ne na sama. Na ƙasa da su, da aljihunsu suke biyan kuɗin jirgi da mai horarwa, in an fitar da mutum a zagayen farko ya dawo gida da asara. Sai a 2019 ne jimillar kyautar gasar duniya ta kai dalar Amurka miliyan ɗaya, ita ma rabawa aka yi tsakanin dukan maza da matan da suka shiga. Ƙarfin jiki aro ne, ranar mayarwa na zuwa da wuri. Ɗalibina mai son kokowa ya dubi tsofaffin 'yan kokowar da ya sani, ya tambayi kansa nawa ne cikinsu suka taɓa riƙe takobi, kuma da me sauran ke ci yau.

Dattijon nan ma akwai nasa darasi. Wasa bai hana Farag digiri ba. Yaron da ya saba tashi da asuba don horo, ya saba shan kaye ya dawo gobe, ya saba bin dokar alƙalin wasa, ya riga ya koyi rabin abin da muke fama mu cusa masa a aji. A shekarun da na yi ina koyarwa, na ga yaran da filin wasa kaɗai ya riƙe su a makaranta har suka kai ga jarrabawa. Da an hana su, da tuni sun bi motar ci-rani.

Na san abin da wani zai ce: Mushe, ina Alƙahira ina Sanam? Gaskiya ne. Farag ya taso a birni mai kulob-kulob da masu horarwa, mu kuwa wasu azuzuwanmu na zana ne, kuma rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a jihar Tillaberi. Ba na kiran kowa ya gina ɗakin sukwash a Kurfai. Amma a dubi yadda abin ya faro a wasu wurare. Hashim Khan na Pakistan yaro ne mai tsintar wa hafsoshin Ingila ƙwallo a Feshawar, in sun tashi ya shiga ɗakin ba takalmi ya yi ta bugu shi kaɗai. A 1951 ya je Landan ya ci gasar Birtaniya, ya ci gaba har ya ci ta sau bakwai, danginsa suka gaji abin. A Masar kuma, a 1996 aka kafa ɗakin gilashi a gaban dalar Giza, wani matashi Ahmed Barada ya kai wasan ƙarshe, yara suka gani a talabijin suka ce su ma za su iya. A duka biyun, akwai wurin wasa kusa da yaro, akwai kuma wani babba da ya gani bai kore shi ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Issaka Dabore ya kawo wa Nijar tagulla a damben zamani a Olamfik ta 1972. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a taikwando a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Shekara 44 ba rashin yara masu ƙarfi ba ne. Rashin masu lura da su ne tun suna ƙanana.

A nan laifin ya dawo kanmu malamai. A makarantar horon malamai an koya mana darasin motsa jiki kamar yadda aka koya mana lissafi. Amma mu faɗi gaskiya, sau nawa muke mayar da sa'ar nan ta shara, ko ɗibar ruwa, ko cike darasin da ya makara? 'Yan mata kuwa sai mu ce su zauna a inuwa su yi kallo, alhali Nour El Sherbini ta Masar tana da shekara 20 ta fara cin kambun duniya. Gudu, tsalle, langa da kokowa ba sa buƙatar komai sai fili, da igiyar awo, da littafin da malami zai riƙa rubuta abin da kowane yaro ya yi. In yaro ya yi fice, a kai sunansa Filinge, a kai Yamai.

Ga abin da muka daidaita a kai da dattijon. Na ce masa: "Baba, a bar min shi zango ɗaya. Zai yi gudu sau biyu a mako bayan an tashi. In makinsa ya sauka, ni da kaina zan dakatar da shi." Ya yi shiru, sannan ya ce ya ba ni amana. Mai son kokowa kuma na ce masa ya yi kokowarsa bayan girbi da lokacin hutu, amma ba zan sa hannu ya bar aji ba sai ya riƙe takardar kammalawa.

Wannan sharaɗi nake roƙon kowane uba da kowane malami ya gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da gwiwa za ta gaji tana nan tafe ga kowane ɗan wasa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.