Malafar da ta cinye tsuntsaye

A gidajen tarihi na Landan da New York akwai malafun mata na ƙarshen ƙarni na 19 waɗanda aka ƙawata da gashin tsuntsu, wasu ma da tsuntsun sukutum, an busar da shi an sa masa idon gilashi. Masu tara kayan da suna sayen irinsu a gwanjo, suna yaba hannun maɗinki. A ganina malafun nan shaida ce a kan majalisar da ta yi nawa wajen yin doka.

A 1886 masanin tsuntsaye Frank Chapman ya zaga titunan New York yana ƙirga abin da mata suka ɗora a ka. Cikin malafa 700, guda 542 na ɗauke da gashin tsuntsu, kuma ya gane nau'i 40. Gashin da aka fi nema shi ne na farin zalɓe, wanda ba ya tsirowa sai lokacin ƙyanƙyasa. Maharbi kan harbe iyaye a kan sheƙa, 'ya'yan su mutu da yunwa.

Mata na cikin waɗanda suka fara cewa a'a. Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Manchester a 1889, Harriet Hemenway ta bi sahu a Boston a 1896, suna roƙon 'yan'uwansu su ƙaurace wa wannan ado. Roƙon ya ratsa zukata, amma bai hana jiragen ruwa sauke kaya a Landan, cibiyar cinikin, ba. A Florida har an bindige mai gadin daji Guy Bradley a 1905.

Abin da ya toshe hanyar shi ne dokar bakin iyaka, wadda ta ba jami'in kwastan ikon ƙwace kaya. Amurka ta hana shigo da gashin tsuntsayen daji a 1913. A Birtaniya kuwa, ƙudirin 1908 ya tsallake majalisar dattawa ya maƙale a ta wakilai, 'yan kasuwa na kukan asarar ayyukan yi. Sai a 1921 aka zartar, ya fara aiki a 1922. An ware gashin jimina, tunda ana iya yanke shi ba tare da an kashe ta ba. Shi ne wanda fatake suka daɗe suna kaiwa Tarabulus daga Kano.

Wasu na cewa yayin ne ya mutu da kansa, don yaƙin 1914 ya zo, mata sun fara rage gashin kansu, babbar malafa kuma ba ta zama a cikin mota. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wanke majalisar ba. Ma'anarta ita ce dokar Birtaniya ta iso bayan kasuwa ta fara watsewa, kuma a mafi yawan shekaru 13 da ƙudirin ya yi yana jiran 'yan majalisa, ba a daina buga gwanjon gashin zalɓe a Landan ba.