HAƘƘIN MAWAƘI A ZAMANIN INTANET

Wasu 'yan'uwa 'yan kasuwa daga Kankiya da Kusada sun tambaye mu hukuncin sana'ar samarin nan masu zama da kwamfuta a bakin kasuwa, suna sauko da waƙoƙi daga intanet, suna tura wa jama'a cikin waya, ana biyansu.

Ba za mu tsaya kan saɓanin malamai game da kiɗa ba. Imamu Gazali ya sauƙaƙa bisa sharuɗɗa, da yawa daga malamanmu na Malikiyya sun tsananta. Waƙar batsa kuwa ba ta bukatar dogon bincike, sayar da ita haramun ne ko da izinin mai ita. Maganarmu a kan waƙar da babu alfasha cikinta ce, har da ta bege da ta wa'azi.

Lalle intanet ya yi rana. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, maƙwabciyar Kankiya, ya rasu a 1999, amma yau yaron da bai taɓa ganin faifan garmaho ba yana jin muryarsa a YouTube, haka ma Bahaushen da ke Kumasi ko Jidda. Kaset da yawa da zafi da ƙura za su cinye sun tsira ta wannan hanya.

To, amma ina rabon mai waƙa? A da, ɗan kasuwa yakan saro kaset a Ƙofar Wambai ta Kano, ko yaya dai wani abu yakan koma ga wanda ya yi wahala. Yanzu waƙa tana fita da safe, kafin la'asar ta game wayoyi ta Xender da WhatsApp, wanda ya biya kuɗin situdiyo bai ga ko sisin kwabo ba. Gaskiya ne YouTube da Audiomack suna biya gwargwadon masu saurare, sai dai sau da yawa wanda ya ɗora waƙar ba shi ne mai ita ba. Mawaƙin da kasuwa ta daina ciyar da shi kuwa, ƙofar ɗan siyasa zai nufa, ya wasa wanda ya biya, ya zagi abokin hamayyarsa. Mu da muke kukan lalacewar waƙa, da hannunmu a ciki.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce wadda Shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar wa magada wannan haƙƙi har shekara 70 bayan rasuwar mai waƙa. Watau abin da Shata ya bari gado ne, kamar gona.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, ladan aikin turawa halal ne idan mai waƙa ya saki waƙarsa kyauta, kamar yadda sha'irai da yawa suke yi, ko kuwa an yi yarjejeniya da shi. In babu ɗayan biyun, mai turawa ya sayar da abin da bai mallaka ba. Ma'aikacin da ya miƙa wayarsa alhali ya san haka, shi ma ya nemi warwara wurin mai haƙƙi ko magadansa. Wallahu a'alamu.