Makewayin jirgin ƙasa da makewayin makarantunmu: wa ke kwashewa?

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a farkon shekarun 1980, na fara ganin jirgin ƙasa. Kawuna ne ya tafi da ni lokacin hutu, shi kuwa tsohon ɗan bida ne kamar yawancin mazan Adar. Muka tashi daga ƙauyenmu na ƙasar Buza, muka bi ta Madawa da Bangi, muka ƙetara iyaka ta Sabon Birni, muka wuce Isa da Shinkafi har Ƙauran Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929. Can muka shiga jirgi.

Bayan mun wuce Gusau cikina ya juya, Kawu ya miƙo mini buta ya nuna mini wani ɗan ɗaki a ƙarshen tarago. Da na tsuguna sai na ga haske a cikin ramin, na leƙa, ga tsakuwa tana gudu a ƙasa, iska tana bugowa sama. Na fito a guje na ce, "Kawu, ramin nan ba shi da gindi! Ina abin yake zuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ya tafi daji, yaro. Amma kar ka kuskura ka shiga idan jirgi yana tsaye a tasha."

Shekara arba'in ke nan da wani abu, kuma mafi yawansu a aji na yi su ina karantarwa tsakanin Buza, Keita da Madawa. Amma wannan amsa ta Kawu ba ta bar ni ba, domin ita ce amsar da muke ba ƴaƴanmu har gobe.

A wancan zamani ba a kwashe makewayin jirgi, domin ba ya tara komai. Bututu ne kawai da ke sauka kan layi. Aikin da ake yi masa biyu ne: a cika tankin ruwan da ke cikin rufin tarago a manyan tashoshi, sannan masu shara su wanke ɗakin idan jirgi ya kai ƙarshen tafiyarsa. Idan ruwan ya ƙare a hanya, sai haƙuri da buta. Haka abin yake a Afirka, haka yake a Indiya, da Ingila, da Faransa, da Amurka. Shi ya sa ake liƙa sanarwa a ƙofa cewa kada a yi amfani da shi a tasha. A Amurka, idan taragon kwana zai daɗe a tsaye da mutane a ciki, bokiti ake ratayawa a bakin bututun, wani bawan Allah ya zo ya ɗauke.

Masu wannan dabara sun ɗauka rana da iska za su gama aikin. Sun manta da leburan da ke gyaran layi da hannunsa, da makanikin da ke shiga ƙarƙashin tarago, da mai tallar ƙosai a bakin tasha, da yaron da ke kiwo kusa da dogo. Fasinja ya huta, wani ya ɗauki kayan. A Indiya har ƙarfen layin ƙazantar ta riƙa ci, ana kashe kuɗi wajen canza shi.

Ba da sauƙi aka bar wannan al'ada ba. A 1989 sai da aka kai kamfanin Amtrak kotu a jihar Florida ta Amurka, bayan jirginsa ya watsa wa wasu masunta ƙazanta suna cikin kwalekwale a ƙarƙashin gada. A Ingila ma'aikatan layi sun yi shekaru suna kuka, sai a 2017 aka yi alkawarin dainawa kafin ƙarshen 2019. Jiragen yanzu suna da tanki a ƙasa, ana zuƙe shi da tiyo a inda jirgi ke kwana. Indiya kuwa daga 2011 ta fara sa tankin da ƙwayoyin halitta ke narkar da bayan gida a ciki, kuma ko shi ya riƙa toshewa saboda kwalabe da tarkacen da fasinjoji ke jefawa. Ku lura da abin da ya canza. Tanki bai isa ba sai da aka sa masa ma'aikaci, da ranar zuƙewa, da wurin zubarwa, da kuɗin biyan duk wannan.

Wani zai ce, Malam, mu da ba mu da jirgi me ya haɗa mu da wannan? Gaskiya ne, layin Abijan bai taɓa isowa Nijar ba duk da sunanta da ke jikinsa, na Kwatano ya tsaya a Paraku, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso kuma bai zama abin hawa ba. Na Kano zuwa Maraɗi da aka ɗora harsashinsa a 2021 muna nan muna jira. Jirgin bai zo ba, amma tunaninsa yana nan cikin makarantunmu.

Makarantar da ba ta da makewayi, tsohon jirgin nan ce. Yaro ya ɗaga hannu, malam ya ce je ka, ya zaga bayan aji ko bakin ƙorama. A rani muna cewa rana ta busar. Da damina ruwa ya sauko daga duwatsun Adar ya kwashe komai zuwa Majiya da Tarka, inda muke noman albasa, inda rijiyoyinmu suke. Ƙididdigar hukumar lafiya ta duniya da UNICEF ta daɗe tana nuna cewa fiye da rabin mutanen Nijar a fili suke bahaya. Ba mu manta da amai da gudawar 2021 ba, wadda ta shiga jihohin Maraɗi, Damagaram da tamu ta Tawa. Dajin da Kawu ya ce abin ya tafi, gonar wani ce da rijiyar wani.

Makarantar da ke da makewayi kuwa, sau da yawa tanki ne da babu mai zuƙewa. Na yi aiki a wata makaranta da wata ƙungiya ta gina mana ɗakuna huɗu masu kyau, aka yi buki, aka ɗauki hoto. Babu wanda ya tambayi wa zai kawo ruwa, wa zai wanke, wa zai kwashe idan ya cika, har da ni. Cikin shekara uku biyu sun toshe da duwatsu da leda, ɗaya ƙofarsa ta ɓalle, na huɗun muka sa masa kwaɗo muka ce na malamai da baƙi ne. Yara suka koma bayan aji. Wata ɗalibata mai ƙoƙari, tana ajin ƙarshe na firamare, ta fara fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata. Na yi ta yi mata faɗa, har ranar da mahaifiyarta ta tare ni ta ce, "Malam, yarinya ta girma. Ina kake so ta zaga?" Ban sami abin cewa ba. Shekarar ba ta ƙare ba ta bar karatu, kuma mabuɗin ɗakin nan na huɗu yana aljihuna duk tsawon lokacin.

Na san abin da iyaye za su ce: da me za mu ji, da hatsin ci ko da masai? Ba na raina wannan magana. Amma abin da nake nema bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya mai gudawa ba, idan aka haɗa da kuɗin mota zuwa asibitin Madawa. Na kuma san malamai za su ce ba aikinsu ba ne. To ai lebura ma ba shi ya yi ba, amma shi ya taka.

Ga abin da nake roƙo. A zaman farko na COGES kowace shekara, a rubuta kuɗin sabulu, da tsintsiya, da buta, da gyaran ƙofa, kuma a riƙa ware wani abu don ranar kwashewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wankewa ta zama bi da bi, aji bayan aji, maza da mata, malam yana tsaye tare da su. Kada a mai da ita horon mai laifi, don yaron da aka hora da masai zai tashi yana ƙyamar mai gyara shi. A ware wa ƴan mata nasu, mai ƙofa da sakata da ruwa a ciki, ƙungiyar iyaye mata ta riƙa dubawa. Duk wanda ya zo zai gina mana, a nemi mai rami biyu: idan ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana aiki da ɗayan, abin da ke ciki ya bushe ya koma kamar ƙasa, kwasarsa ta yi sauƙi. Magadan gari kuma su nuna wurin zubarwa nesa da rijiya da hanyar ruwa. Masu kwasar masai a biya su haƙƙinsu da rana tsaka, da takalmin roba da safar hannu, a daina ɓoye su cikin dare kamar ɓarayi.

Mu mutanen wannan yanki mun san aikin gayya. Tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu tare iska a kwarin Majiya, daga 1984 kuma matan Keita suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasar da aka yanke wa ƙauna. Waɗanda suka yi wannan ba za su kasa riƙe ɗakuna huɗu a bayan makaranta ba.

Ranar 19 ga Nuwamba ce ranar makewayi ta duniya. Kafin ta zo, ya kai uba, ya ke uwa, ku je makarantar ƴaƴanku. Bayan kun gaisa da darakta, ku ce ya nuna muku inda yara ke zagawa, ku tura ƙofar ku shiga da kanku. Sannan ku tambaye shi wa ke kwashewa, kuma ina ake kaiwa. Idan ya ce daji, ku zauna tare da shi a ranar ku sa hannu a gyara. Allah ya ba mu ikon yi.