GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI: MAGANAR RUMBUN BAYANAI A GIDA

 

Yau faɗa zan yi, kuma da mutum biyu. Na farko shi ne ɗan uwanmu da ya tattara tarihin gidansu kaf ya zuba a wayar hannu, in ka yi magana ya ce ai komai yana intanet. Na biyu kuwa shi ne wanda ya ji nasiha ya yarda zai haɗa kwamfutar ajiya a gida, wadda masana ke kira uwar garke, amma ya kwashe kuɗin ya sayi manyan faya-fayai ya bar maganar wuta da zafi da ƙura a hannun sa'a. Duk su biyun asara ɗaya za su yi, bambancin kawai na biyun ya fi kashe kuɗi kafin ya yi tasa.

Bari in fara da dalilin da ya sa abin ya fi shafarmu. Mu da iyayenmu ko kakanninmu suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja suka zauna a ƙasar Muri, wasu tun kafin a cire Taraba daga Gongola a 1991, mun san darajar takarda fiye da kowa. A ƙasar da ake tambayar shaidar asali kafin a ba yaro gurbin karatu ko aiki, takardar cinikin fili da rasiɗin haraji da takardar haihuwa su ne bakin da ke magana a madadinka ranar da aka ce yaushe ka zo. Takarda kuwa ba ta da ƙarfi. Wanda ya ga ambaliyar 2005 da ta karya gadar Nukkai, ko ya ji abin da wuta ta ci a rikice-rikicen Wukari na 2013 da 2014, ya san akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado ba ya tsare komai. Hoton takarda ba zai maye gurbin ta asali a gaban alƙali ba, na sani, amma yana ɗauke da lambar fayil da kwanan wata da sunayen shaidu, da su ne ake neman wata a ofis. Sai kuma littafin bashin shago, da rajistar Islamiyya, da karatun malamanmu da aka naɗa, da muryar tsohuwa tana ba da labarin yadda aka yi ƙaura. Waɗannan in sun tafi ba kasuwar da ake sayo su.

To kai mai cewa komai yana intanet, intanet ɗin gidan waye? Ma'ajiyar da kake taƙama da ita kwamfutar wani ce a wata ƙasa, kuma mai ɗaki shi ke da dokar ɗakinsa. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, ya sake rufe Yahoo Groups a ƙarshen 2020, inda marubutan Hausa suka shafe shekaru suna muhawara. A 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin shekara goma sha biyu sun salwanta. Google gigabait 15 yake bayarwa kyauta, ya daina karɓar hotuna ba iyaka tun Yunin 2021, kuma daga Disambar 2023 ya ba kansa damar goge akawun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ka yi tunanin mahaifin da ya rasu, ba wanda ya san lambar sirrinsa, layinsa kuma an rufe an ba wani. Ko da akawun ɗin na nan lafiya, sai da hanya ake isa gare shi. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni, a Maris ɗin 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Ban ce a ƙaurace wa ma'ajiyar intanet ba, tana da ranarta, zan zo kanta. Amma kayan aro ba ya rufe katara.

Saura kai na biyu, mai zumuɗin haɗa na'ura, kuma da kai faɗan ya fi tsawo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda samarinmu ke kallon bidiyon Turawan Amurka da Jamus, masu wutar da ba ta ƙiftawa da ɗaki mai sanyi, su kwaikwayi abin da suka gani ba tare da sun leƙa ta taga sun tuna inda suke ba. Sai ka ga yaro ya yi odar tsohuwar uwar garken kamfani daga Ikeja, mai ƙara kamar injin markaɗe, tana shan wat 150 ko fiye tana zaune ba ta aikin komai. Mai karatu yi lissafi da kanka. Wat 150 sau awa 24 ya ba ka 3,600 a yini. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 abin da ke cikinsa 1,200 ne a rubuce, kuma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko. Batir nawa ke nan za ka jera saboda akwati ɗaya? Alhali tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP, da faifai biyu a ciki, wajen wat 30 take ci, wato 720 a yini, abin da farantin sola ɗaya mai wat 300 da batir mai kyau za su ɗauka. Tsohuwar laftof ma ta fi ta sauƙin ci, ga batirinta a jiki. Aikin ajiye takardu da hotuna ba ya neman ƙarfin inji.

Don haka ni a wurina wuta ce farkon gini, faifai daga baya. Jiharmu ce ke da Mambila, inda aka shafe gomman shekaru ana alƙawarin tashar megawat 3,050 da har yau ba ta haska ƙwai ɗaya ba. A Afrilun 2024 da ɓata-gari suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe, Jalingo da Yola sun kwana cikin duhu na makonni, a Oktoban shekarar kuma akasarin Arewa ta sake shiga irinsa. Amma ɗaukewar wuta mai tsawo ba ita ce ta fi kashe na'ura ba, ƙiftawa da dawowa da ƙarfi su ne mugaye. Faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurarsa na shawagi a kansa da tazarar da ta fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, abin da yake rubutawa ya lalace. Saboda haka kada ka kuskura ka jona uwar garke kai tsaye da ƙaramin janareta. Ka sa UPS a tsakani, wanda ke da igiyar USB da zai sanar da kwamfutar ta kashe kanta cikin natsuwa in batir ya yi ƙasa. In inbata za ka yi amfani da ita, nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layin gwamnati, domin akwatin wutar kwamfutocin zamani da yawa ba sa jituwa da wutar inbata mai araha. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, ka zare filogi har da igiyar sadarwa, don tsawa ta kan bi ta nan ma.

Sau da yawa an kawo mini kwamfuta ana cewa faifai ya mutu, in duba in tarar lafiyarsa ƙalau. Alamar ita ce faifai ya ɓace ya dawo, ko ya riƙa ƙas-ƙas lokacin tashi. Faifai babba yana fizgar wajen amfiya 2 a layin bolt 12 a daƙiƙun farko, ninkin abin da yake ci in ya daidaita. In ka jera huɗu a kan gajiyayyen akwatin wuta na gwanjo, ba zai iya ta da su tare ba. Kafin ka yanke wa faifai hukunci, canja igiyar SATA, canja ramin da ka soka ta, gwada wani akwatin wutar, ka duba ko kafasitocin allon sun kumbura. Kwamfutar da ke mance kwanan wata duk sanda aka ɗauke wuta kuwa, ƙaramin batirin nan CR2032 ne ya ƙare, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Wadda ke sanƙarewa haka kawai, ka bar Memtest86 ya kwana yana gwada ram ɗinta. Amma wani mai gyara da ya ji ƙas-ƙas sai ya ce a goge a sake zuba manhaja, ya share tarihin gida guda cikin minti goma, ya kuma karɓi kuɗin aiki. Kada ka bar kowa ya goge faifanka kafin a kwafe abin da ke ciki.

Sai zafi da ƙura. A Maris da Afrilu zafin Jalingo kan kusanci digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Masu ƙera faifai kan rubuta iyakar digiri 60, amma mai hankali ba ya bari nasa ya wuce 45. Kakanninmu da za su gina rumbu sai sun ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da danshi, su yi masa jinka saboda rana. Haka za ka yi wa wannan. Ɗaga shi daga ƙasa ya fi tsayin da ruwa kan kai in ya shigo ɗaki, sa fanka tana hura faya-fayan kai tsaye, bar tazara tsakaninsu, kada ka kulle shi a kabad. Da hunturu ka buɗe shi duk wata ka hure ƙura, ka riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa.

Wajen sayen faifai kuma araha ba ta ado. Kowane faifai yana rubuta tarihin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma CrystalDiskInfo kyauta ne, zai nuna maka. Ko a Titin Beirut a Kano ne ko a kasuwarmu ta nan, kada ka biya sai an jona an buɗe a gabanka. Duba layi na 9, awannin da ya yi yana aiki, sannan na 5 da 197 da 198, wuraren da suka lalace. In waɗannan ukun ba sifili ba ne, ajiye masa kayansa. Binciken da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 kan faya-fayai sama da 100,000 ya nuna wanda aka kama da kuskuren farko a samansa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Kuma ko lambobin sun yi kyau kada ka saki jiki, don a 2025 an bankaɗo 'yan damfarar da ke goge awannin tsofaffin faya-fayan Seagate suna sayarwa da sunan sababbi. Cika shi da kaya ka sake karantawa, kwana biyu ko uku, kafin ka ba shi amana. Ka kuma tambayi ko CMR ne ko SMR, don a 2020 an yi ta ƙorafi da aka gano Western Digital ya sa SMR a wasu faya-fayansa na WD Red ba tare da ya bayyana ba, ga shi irinsu kan yi nauyin jiki lokacin da ake sake gina ajiya bayan ɗaya ya mutu.

Manhajar da za ta tafiyar da aikin kyauta ce. OpenMediaVault ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta za ta ɗauke ta. TrueNAS, wadda a da ake kira FreeNAS, ta fi tsaron lafiyar fayil amma tana neman ram gigabait 8 aƙalla.

Ga babbar ƙaryar da nake so mu binne yau. Wai in ka haɗa faifai biyu suna kwafar juna, abin da ake kira RAID 1, shi ke nan ka tsira. Wannan tsari maganin abu ɗaya ne tak, mutuwar faifai guda. In yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun nan take. In ƙwayar cuta ta kulle bayanai, ta kulle duka. In wuta ta dawo da ƙarfi, ko ruwa ya shigo, ko ɓarawo ya ɗauki akwatin, ai tare suke. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A nan ne ma zamanmu na baƙunta ya zame mana riba, don kusan kowanenmu yana da gida biyu. Sayi faifan tafi-da-gidanka, kwafe muhimman abubuwa, ka kulle da lambar sirri, in za a je gida da Sallah a kai wa ɗan uwa a Kano ko Katsina ya ajiye, a dawo da na bara a sabunta. Takardu zalla kuwa ba su da nauyi, sai ka ƙara kwafinsu a ma'ajiyar intanet, ranarta ke nan. Kuma lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka tabbatar yana karantuwa, ka kuma rubuta lambar sirrin a takarda ka ba wanda zai gaje ka.

Na san za a ce wa ke da kuɗin wannan a halin da ake ciki. Ina ganin wayoyin da ke hannunmu, da abin da muke kashewa a data duk wata. In mutum ɗaya ba zai iya ba, ai muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallaci da na Islamiyya. Na'ura ɗaya da sikana ɗaya a ofishin makaranta mai sola za su ɗauki takardun gida hamsin, kowa da aljihunsa da makullinsa, a samu amintattu biyu su kula. Muna haɗa kuɗin tabarmi da lasifika, wannan ma za mu iya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a jibge a lungu ya fito da ita a duba, wanda bai da ita ya fara da ɗaukar hoton takardun gidansu a wannan makon, kafin ruwan bana ya sauka.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Wassalam.