Sudan: Yadda kayan jirgin wasa suka shiga fagen yaƙi

Servo wani ɗan inji ne da ke karkata fiffike da wutsiyar jirgin da ake sarrafawa da rimot. Wasu masu ƙera manyan jiragen wasa kan haɗa nasu a gida, da motar lantarki da giya, saboda na kanti tsada gare shi. Wannan ɗan injin ne kuma ke juya jirage marasa matuƙa masu kai hari.

Tun 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, sojoji da RSF ke amfani da waɗannan jirage. Sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato gidan rediyo da talabijin na Omdurman a Maris 2024. A Mayun 2025 kuma, hare-hare kan tashoshin lantarkin Omdurman suka jefa babban birnin cikin duhu.

Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya Darfur kaɗai ya shafa. Ko da an faɗaɗa shi, wuya ne ya tare servo da batir, tunda a matsayin kayan wasa suke wuce kwastan. ISWAP da JNIM sun riga sun soma amfani da ƙananan jiragen kasuwa, don haka batun ya shafi Najeriya da Nijar.