Motar hannu: Ka sayi wadda makanikin Gure ya sani

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, motocin hannu da aka saba shigowa da su ta tashar ruwan Kwatano sai sun yi zagaye ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi nisa, farashi ya tashi. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar Gamu da ya shekara biyar yana tara kuɗin mota ba shi da damar yin kuskure.

A ganina, babban kuskuren shi ne zaɓen mota da ido. Tambayar farko ita ce: idan ta tsaya tsakanin Gamu da Gure, wa zai gyara ta, kuma ina za a samo kayanta? Daga Gure zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 160 ce. Motar da sai an aika Kano neman ƙaramin ƙarfenta za ta yi makonni a garaji, komai arharta. Araha dai ba ta ado.

Shi ya sa nake fifita Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu. Ta fi Corolla faɗi, tana ɗaukar iyali, shan manta da sauƙi, kayanta kuma suna ko'ina. Wadda ta biyo bayanta, ta 2007 zuwa 2009, ta fi kyan gani, amma an san injinta da shan baƙin mai. Honda Accord ma mota ce ta ƙwarai, sai dai ta 1998 zuwa 2002 mai giyar otomatik ta sha kayar da masu ita.

Suna kaɗai ba ya isa. Ka je da makanikinka, ba na dillali ba, kuma ku je da sassafe kafin a ɗumama inji. Ku duba hayaƙi, ku leƙa ƙarƙashi ko tsatsa ta ci ta, ku ɗaga shimfiɗar ƙasa ku shinshina, domin daga cikin motocin Amurka akwai waɗanda ambaliya ta taɓa shanyewa. Ku tuƙa ta da rana tsaka ku ga ko tana zafi. Lambar jikinta mai harafi da alƙaluma 17 ta yi daidai da ta takardun duwan, in ba haka ba ka bar ta.

Gaskiya ɗaya kuma: irin wannan mota ta kwalta ce. Wanda kullum yake ratsa rairayi zuwa kasuwannin ƙauye, gara ya ƙara haƙuri ya nemi Hilux.

Daga ƙarshe, kada ka zuba duk abin da ka tara a hannun dillali. Ka ware na tayoyi, batir da inshora. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.