Kafin maganin Turai ya iso, a koya mana ɗaukar mai rauni a laka

A watan Mayun 2023 duniya ta ga Gert-Jan Oskam, mutumin ƙasar Holan, ya miƙe yana takawa bayan shekara 12 da shanyewar ƙafafunsa. Hatsarin keke ne ya ji masa rauni a wuya a ƙasar Sin a 2011. Masu bincike a birnin Lozan na Suwizalan, ƙarƙashin Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch, sun dasa masa na'urori biyu a ƙoƙon kai masu karanta niyyarsa ta ɗaga ƙafa. Kwamfuta ta karɓi saƙon ta miƙa wa wata na'urar da ke kan lakarsa, ƙasa da inda raunin yake, sai ƙafa ta amsa. A Japan kuma, masana a Jami'ar Keio sun dasa wa mutum huɗu ƙwayoyin halitta da aka raina a ɗakin bincike, suka sanar a 2025 cewa biyu sun samu ci gaba, ɗaya har yana iya tsayuwa.

Wannan aiki ne babba, kuma ina yi wa masu yin sa fatan nasara da zuciya ɗaya. Ƙashi in ya karye yakan haɗe, amma jijiyoyin laka ba sa sake tsirowa, tabo ne ke cike wurin ya toshe hanya. Sai dai a lura da lissafin: mutum ɗaya can, huɗu can, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu rayuwa da wannan rauni sun haura miliyan 15. Gwaji ake yi har yanzu. Abin da ke kashe namu masu wannan rauni kuwa an san maganinsa tun kakanninmu suna samari.

Ɗan yayata acaɓa yake yi. Ranar da mota ta buge shi, jama'a suka rufu a kansa da niyyar taimako, Allah ya saka musu. Wani ya kama hannuwa, wani ƙafafu, aka ɗaga shi kamar buhun hatsi, kansa yana reto, aka lanƙwasa shi a bayan a-daidaita-sahu. Ba wanda ya san cewa ƙashin bayan da ya tsage yana iya gocewa a irin wannan ɗauka ya ƙarasa datse lakar. Da aka sallamo shi daga asibiti, takardar magani kawai aka ba mu. Ba wanda ya zaunar da yayata ya ce mata wanda ba ya jin jikinsa dole a riƙa juya shi.

Cikin 'yan makonni wani jan tabo ya fito masa a ƙarshen gadon baya, inda ƙashi ke danne katifa. Shi bai ji komai ba. Fatar ta saluɓe, wurin ya zama rami mai wari, har ana hango fari-farin ƙashi in an ɗaga audugar. Ga zazzaɓi yana zuwa yana komawa saboda robar fitsari da ta daɗe ba a sauya ba. Wata rana ya ce min, "Kawu, na haƙura da tafiya, ni dai gyambon nan ya warke in zauna a keke in fita ƙofar gida." Gyambon ya warke daga baya, alhamdu lillahi, amma sai da aka sayar da gona.

Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne suka riƙa kashe sojojin da suka yi rauni a laka a yaƙin duniya na farko, akasarinsu cikin ɗan lokaci kaɗan. Likita Ludwig Guttmann, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Dokarsa mai tsauri ce: a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kula da fitsari cikin tsafta, a tashe shi ya motsa jiki ya koyi sana'a. Mutanen da aka fitar da rai a kansu suka rayu, har a 1948 ya shirya musu gasar harbin kibiya, wadda ta zama tushen gasar nakasassu ta duniya. Babu na'ura mai tsada a cikin wannan tsari. Hannu ne da agogo da matasan kai.

Shi ya sa raina ke ɓaci da dillalan da ke bin iyalai suna cewa a tara miliyoyi a tafi ƙasar waje a yi allurar ƙwayoyin halitta, wai mutum zai dawo da ƙafarsa. Masu binciken gaskiya ba su yi wa kowa wannan alkawari ba. Haka masu ɗori: suna da gwanintarsu, amma duk wanda ya ja ko ya murza karyayyen wuya ya ɗauki alhakin rai.

Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su buɗe cibiyoyin farfaɗo da masu ciwon laka, da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da aka horar don wannan aiki, ko da a gefen manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Dala ne. Kada a sallami kowa sai an koya wa mai jinyarsa juyi, da duba fata kullum, da sauya roba. Hukumar kiyaye haɗurra kuma ta shiga tashoshin mota da majalisun 'yan acaɓa da gidajen rediyo da Hausa tsantsa. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya a kan faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, a sa shi a motar da zai kwanta miƙe, a nufi asibitin da ke da likitan tiyatar laka a ranar, domin tiyatar da aka yi cikin awa 24 ta fi ba da sakamako.